Aikin da Ya Tsallake Layi

"Tsai da komi, ka sa wanga gaba," in ji darakta, ya ajiye wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta faifai. Wani soja na tsaye a bakin ƙofa.

Shekara shida ke nan ma'aikacin yana kula da kwamfutar ma'aikatarsu a Sakkwato. Ayyuka layi suke bi, shi ke raba musu ƙarfinta.

"Ranka shi daɗe, jerin mahajjata ke ciki. Mutane na jira tun safe."

"Su jira."

Bai taɓa tsallake layi don kowa ba, ko don surukinsa na Mabera. Amma yau ya mayar da mahajjata baya, ya sakar wa faifan ƙarfin na'urar duka. Aikin awa uku ya ƙare cikin minti ashirin.

Takarda ta fara fitowa: ma'aikatan da gwamnatin soja ta sallama nan take. Ya bi sunayen da yatsa yana salati. A na sha bakwai yatsan ya tsaya. Sunansa ne, babu kuskuren ko harafi ɗaya. Ya ɗago ya dubi darakta, darakta ya sunkuyar da kai.

Sojan ya miƙo hannu. "Malam, makullin ɗakin."