Lawashi a Cikin Duhu

Ya buɗe kwaɗon rumfar a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci. Tun ranar da bugun zuciya ya kayar da shi tsakanin buhunan albasarsa a kasuwar Mile 3 ta Fatakwal, bai sake tako nan ba. Likita ya ce wani sashen zuciyar ya mutu. Matarsa ta ce su tattara su koma Arewa. Yau ya zo ne ya kwashe ruɓaɓɓen kaya, ya miƙa makulli.

Ƙofar na buɗewa, sai ya ga kore shar. Damshin Fatakwal ya ratsa buhunan, albasa ta huda su ta tsiro, lawashi duk ya karkata wajen 'yar ɓular kwanon rufin da haske ke ɗigowa. Sai ya ji kamar fadamar mahaifinsa ce ta biyo shi Kudu.

"Baba, ta lalace," in ji maƙwabcinsa mai tumatir. "In kira masu baro?"

Ya dafa ƙirji, ya saurara. Zuciyar tana nan, a cikin duhunta, tana lalubar haske.

"Bari tukuna," ya ce. "Miƙo min bencina."