Injin da Ke Mutuwa a Maisandari

"Kwana huɗu kwamfuresa na mutuwa, Hamisu, kuma wai kai ne makanike," in ji Oga Gerald, mai motar haƙar burtsatse.

"Oga, na canza filta, na duba mai, na wanke lagireto. Me ya rage?"

"Ya rage in nemo wani gobe."

Kwamfuresa ke ba motar iska; idan ba iska, ba haƙa. Zayyad, mai gidan da muke wa haƙar, kuma ya ce amaryarsa ba za ta tare ba sai rijiyar ta kawo ruwa. Na sake tayar da injin. Ya yi minti goma, ya yi tari, ya mutu.

Da azahar amaryar ta kawo mana abinci da kanta daga gidan iyayenta. Rumaisa'u ce. Shekara uku na yi ina zuwa zance ƙofar gidansu a Bulabulin, ina cika mata kunne da labarin inji.

Da Oga ya tafi wanke hannu, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ka ɗaure notin bututun gas ɗin nan. Kai ka taɓa gaya min idan an sassauta shi iska na shiga, inji ya mutu."

Na kalli sifanar da ke hannuna, wadda na sassauta notin da ita.

"Ba wanda ya tilasta ni, Hamisu. Ni na zaɓi Zayyad. Kwana nawa kuma kake so ka riƙe ni?"