Mutuwar Dokta Fargas Ta Huɗu

Sau uku ke nan Fergus Baird yana mutuwa a Jidda, kuma duka ukun sai da aka tashe shi.

Mutumin Scotland ne, dogo, mai jan gashi. Shekara goma sha biyar ya yi a talabijin ɗin Glasgow yana fitowa a ɗan sandan da aikinsa kawai ya buɗe ƙofa ya nuna gawa. Da wani kamfani a Jidda ya neme shi ya fito a likita Bature, kashi shida kacal, da gudu ya taho. Yau shekara tara.

Dokta Fargas, haka gari ya san shi. Tsofaffin mata a unguwar Bani Malik har addu'a suke yi masa. Abin da ya sace zuciyarsu Larabcinsa ne, na Hijaz zalla, da wata murya mai kauri kamar ta liman. Alhali bawan Allahn nan, in ka cire yalla da halas, ko ruwa bai iya roƙa da Larabci ba. In an kunna kyamara, sunayen ƙauyukan da ke hanyar garinsu Oban yake jerowa, yana murmushi ko yana ɗaure fuska yadda aka umarce shi. Daga baya wani ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya ɗora masa magana. Wane ne? Sirrin kamfani. Shi Fergus ma an hana shi buɗe baki a bainar jama'a.

Yarjejeniyar da ya sa wa hannu cikin ɗoki ta ce muddin Dokta yana raye a shirin, Fergus yana bakin aiki. Izinin barinsa ƙasar kuma yana hannun kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, mai kamfanin, wani mai suna Turki. A can Oban, mahaifiyarsa mai shekara tamanin da shida ta fara rikicewa. Wayar da suka yi ta ƙarshe, sai da ta tambaye shi shi ɗan gidan wa ne. Ranar ya yi kuka sosai. Ba ya son komai a duniya sai ya koma kafin ta manta shi gaba ɗaya.

Ya roƙi Turki a kashe Dokta, aka kuwa yarda. An yi haɗarin mota, Fergus ya kwanta cikin jini ya yi bankwana. Da aka haska, sai ga muryar tana cewa kowa ya share hawaye, targaɗe ne kawai. An gwada guba, muryar ta faɗi sunan maganinta. An gwada bugun zuciya, muryar ta ce gajiya ce.

Turki yana dariya ya ce masa, "Wallahi ya habibi, mai muryar ne ke canzawa, jama'a kuma suna so. In yi faɗa da jama'a?"

Mutum ɗaya Fergus yake kai wa kukansa, direbansa Rafi'u. Bahaushen Sudan ne da aka haifa a unguwar Nuzla a nan Jidda, bai taɓa ganin Sudan ɗin ba ko a mafarki. Shiru-shiru, Turancinsa gutsi-gutsi, kuma ƙasa-ƙasa yake yinsa. Kullum yana tafe da gorar ruwan ɗumi da zuma da citta, ga ƙyalle naɗe a wuya a wannan zafin na Jidda. Fergus har tsokanarsa yake yi, wai ya cika son jiki.

Duk Juma'a Rafi'u kan kai shi gida cin abincin rana. Matarsa Mastura, da ta ji sallamarsu sai ta kashe talabijin. In Fergus ya fara tsine wa mai muryar, 'yan matan gidan, Rumaisa da Rim, sai su sulale kicin. Shi ya ɗauka kunya ce. Ya san iƙamar su huɗun, wato takardar izinin zamansu a ƙasar, a kan kamfanin take, ana sabunta ta duk sanda aka sabunta shirin, har ya taɓa tambayar Rafi'u yadda za su yi in ya tafi. Rafi'u ya ce Allah na nan.

Ranar mutuwa ta huɗu, suna tsaye a cunkoson motocin unguwar Safa da hantsi, Fergus ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗan'uwana, na gano dabara. Yau ba zan motsa leɓe ba. Zan mutu bakina a rufe, in ga inda la'anannen zai sa maganarsa."

Rafi'u ya kurɓi ruwan zumarsa, ya ce, "Allah Ya sa mu ga alheri, Dokta."

Haka kuwa aka yi. Fergus ya kwanta a gadon asibitin, ya rufe ido, ya datse baki. Minti guda cur kyamara na kansa, ko numfashi bai yarda ya nuna ba. Mai ba da umarni ya ce halas, an gama. Har masu riƙe fitila sai da suka share ido.

A hanyar komawa waƙa yake yi. Ya kira Oban, ya ce wa mai jinyar mahaifiyarsa ta gaya wa tsohuwa ɗanta na zuwa, ta yi ta maimaita mata har ta riƙe. A ƙofar gidansa ya rungume Rafi'u, ya ce in ba don shi ba da tuni ya haukace a garin nan, sannan ya haye sama haɗa akwati.

Rafi'u ya daɗe zaune a motar. Tausayin mutumin ya cika shi har wuya. Ya zaro iƙamarsa ya dubi ranar ƙarewarta, saura kwana arba'in.

Ya koma kamfani ta ƙofar baya, ya shiga ƙaramin ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso. A allo ga fuskar Fergus, baki a datse. Abdallah mai haɗa sauti ya ɗaga kafaɗa ya ce yau kam Bature ya gama da su.

Rafi'u ya kwance ƙyallen wuyansa, ya matsa gaban makirufo, ya ce, "Bar hoton a kan fuskarsa, tunaninsa za a ji." Sannan ya yi gyaran murya, kuma da muryar nan mai kauri da duk Jidda ta sani, ya ce, "Ina jin ku, kada ku rufe ni, ban mutu ba."