Majinyacin Roba

Tun da jami'ar garin ta ƙulla ƙawance da wata ta Turai, ba a taɓa rasa majinyaci a ɗakin koyarwa na asibitinta ba. Majinyacin na roba ne, yana tari, yana numfashi, kuma yarjejeniya ta ce ranar da ya mutu, ƙawance ya ƙare.

Lantana ta kawo mahaifinta yana haki. Tukunyar iskar numfashi ɗaya ce a asibitin, tana hancin majinyacin roba.

"Likita, don Allah, ko na minti biyar."

"Baiwar Allah, jarrabawa ake yi, Turawa na kallo ta allon kwamfuta. Ki yi masa fifita."

Ta yi ta fifita. Can tafi ya ɓarke a ciki, ɗalibai sun ceto roba. Lantana ta ajiye mafici, ta ja mayafinta ta rufe fuskar tsohon.