Madubin Ɗakin Inna

Ya kafa kyamara a gefen babban madubin ɗakin Inna, ya murza gilashinta ya gusa hagu. Dabarar masu ɗaukar hoton gine-gine ke nan: madubi ya fito tas, mai hoto kuwa ko inuwarsa babu. Gobe za a rushe gidan, yana so ɗakin ya tsira ko da a takarda.

Inna na zaune bakin gado tana shafa hotunan 'ya'yanta. Tun da mantuwa ta kama ta, da su take gane mutane. Duk shi ya ɗauke su, shi ya sa babu shi a ciki.

"Sannu da aiki, mai hoto," in ji ta. "Autana ma sana'arsa ke nan. Ja'irin ko leƙo ni ba ya yi."

Ya mayar da gilashin tsakiya, ya jawo kyamarar gaban madubin, ya tsaya.

Inna ta ɗaga kai, ta ga fuska cikin firam ɗin katako.

"Auta! Yaushe ka zo? Ka ci abinci kuwa?"