Kwanon Iya Lantana

Tun da aka kafa sabuwar doka, kowane gidan abinci a Gusau a kwano mai nuna launi yake zuba wa mutane: kore idan cin mutum ɗaya ne, ja idan ya wuce haka.

Ran Talata Barira ta fito da mahaifinta, Malam Sallau, daga asibiti, inda likita ya ja masa kunne kan ciwon suga. A shagon farko aka kawo masa tuwon shinkafa malmala biyu, kwanon ya yi ja. Ya ture shi.

"Waɗannan kashe ni za su yi."

Suka tsallaka titi zuwa rumfar Iya Lantana. Malmala uku ta zubo har da man shanu, amma kwanon kore shar. Malam Sallau ya wanke hannu yana murmushi.

Abin ya ɗaure wa Barira kai, ta bi matar bakin murhu.

"Iya, ya aka yi naki ya fi yawa, kuma bai yi ja ba?"

"Da ma'aikatan gwamnati suka zo saita min kwanukan, cewa suka yi in kawo mutum ɗaya ya ci su auna. Sai na kira ƙanena. Ɗan dambe ne."

Barira ta dawo da sauri, ta tarar ya kusa cinyewa, gumi na keto masa.

"Baba, ba ka ƙoshi ba?"

Ya dafa cikinsa, sannan ya leƙa gefen kwanon ya duba launinsa.

"Da alama dai tukuna," ya ce, ya sake gutsuro loma.