Lofen Oga

Kwana tara da sace mu a hanyar Faskari, shugaban 'yan bindigar ya jefo mani guntun iccen ƙirya.

"An ce kai ke sassaƙa lofe. Yi mani ɗaya."

Rumfata da iyalina suna Yankara, amma tun ranar farko na gaya masu ni mutumin Sabuwa ne, ba mata, ba ɗa. Da wuƙar yankan nama na fafe kan lofen, na gasa ƙusa a wuta na huda shi, na sa mashi siririn gora. Kwana huɗu ina yi, har tafin hannuna ya ɗuri ruwa.

Ya cusa taba, ya kunna, ya zuƙa. Hayaƙi ya riƙa fita ta gefe.

"Baba, wannan ne aikin naka?"

"Oga, aiki sai da kayan aiki. Wuƙar nan ba ta sassaƙa ba ce."

Don in tsira da raina na faɗi haka. Ya yafito mutum biyu, suka hau babur.

Washegari da la'asar suka dawo, shugaban ya ajiye ƙunshi gabana. Gizagona ne da wuƙaƙena uku, an naɗe su cikin ɗankwalin da na saya wa ƙaramar ɗiyata da sallah.

"Ga kayan aiki," in ji shi. "Yarinyar nan akwai hankali. Har ruwa ta ba su."